Me ya sa cutar ba ta kayar da sauron?

Malam, ka tambayi dalilin da sauro ke yawo da ƙwayar cutar shawara, wadda bairos ce, amma shi lafiya ƙalau. Sauron Aedes, mai ɗigon fari a ƙafa da ke ƙyanƙyasa a randunanmu nan Ringim, yana da tasa garkuwar. Wani sinadari a jikinsa mai suna Dicer-2 ke daddatsa RNA ɗin bairos, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gadonsa, gunduwa-gunduwa, kowane guntu harafi 21, sai wani sinadarin, Argonaute-2, ya riƙe guntun yana farautar ire-irensa yana lalata su. Rage cutar kawai yake yi fa, har ya samu ya zuba mana. Da masana suka toshe garkuwar, sauron da ya kamu da bairos mutuwa ya riƙa yi. Ƙwayoyin gadon da ke samar da sinadaran nan kuma saurin sauyawa gare su, ana ganin tsere suke da bairos. Maleriya kam ba bairos ba ce, sauron Anopheles ke kawo ta.