Jarumi ya ninka girma, me ya sa saransa bai ninka ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne jagoran wasa idan mun zauna buga Dungeons & Dragons, bugu na 5, da abokaina, wato wasan tebur na ƙagaggen labari inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jaruminsa, ana jefa ƙwayoyi masu lambobi don sanin sakamako. An yi wa jarumin ɗayanmu tsafin ƙara girma. Littafin ya ce tsawonsa ya ninka biyu, nauyinsa ya ninka takwas, amma ƙarin ɓarnar makaminsa ƙwaya ɗaya ce tak mai fuska 4. Abokina ya ce hankali ba zai ɗauki wannan ba, muka ɓata kusan rabin awa muna musu. Ina tunanin rubuta mana sababbin dokokin girma da suka dace da zahiri. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka yana da gaskiya ta fuskar lissafi, amma ba na ba ka shawarar sake dokokin gaba ɗaya.

Mu fara da abin da zahirin ya ce, domin ya fi yadda abokinka yake zato tsanani. Tun a 1638 masanin kimiyya Galileo ya bayyana cewa idan abu ya ninka tsawo sau biyu, nauyinsa yana ninkuwa sau 8, amma kaurin ƙashi da na tsoka, waɗanda su ne ke ɗauke da nauyin, sau 4 kawai suke ninkuwa. Mutum mai kilo 70 ya koma kilo 560 ke nan, a kan ƙafafun da ƙarfinsu bai bi sawun nauyin ba. Idan za a bi gaskiya har ƙarshe, jarumin abokinka zai yi sara mai nauyi, amma gudu zai gagare shi, tuntuɓe ɗaya kuma zai iya karya masa ƙafa. Samudawan da 'yan wasa ke marmarin karawa da su ma da ƙyar za su miƙe tsaye. Wanda ya nemi zahiri a wajen duka, sai ya yarda da ita a wajen gwiwa.

An taɓa gwada tsantseni a wannan fanni. Bugu na 3, wanda ya fito a 2000, yana da matakan girma 9. Kowane mataki yana da lambar da ake ƙarawa ko ragewa a kai hari da kariya, daga ƙarin 8 ga mafi ƙanƙanta zuwa ragin 8 ga mafi girma, ga wasu lambobin daban na kokawa da ɓuya. Doki a lokacin yana cin gurbi a taswirar wasa mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 10, kamar dokin gaske. Sai matsala ta taso: ina ya fuskanta, kuma yaya zai juya a lungu? Gyaran da aka yi wa bugu na 3 a 2003 ya mayar da kowace halitta cikin gurbi mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Bugu na 5 na 2014 ya rage matakan zuwa 6, ya kuma zubar da waɗancan lambobi. Kyanwa na cin ƙafa 2 da rabi, mutum ƙafa 5, doki 10, giwa 15, mafi girma 20 ko fiye.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Gurbin ƙafa 5 ba faɗin jikin mutum ba ne, filin da yake iko da shi ne a lokacin faɗa, inda yake kaucewa da wulwula takobi. Dokar girma tana amsa tambayoyin tebur ne: wa zai tare ƙofa, mutum nawa za su kewaye dodo, wa zai iya kama wa. Shi ya sa ba ka kokawa da abin da ya fi ka da sama da mataki ɗaya, kuma dabbar da za ka hau dole ta fi ka da mataki ɗaya aƙalla.

Shi kuwa tsafin da kuka yi musu a kai, na mataki na 2 ne a jerin tsafe-tsafe, kuma ba ya wuce minti ɗaya. Da zai ninka ɓarna sau huɗu, da babu mai tsafin da zai ƙara zaɓar wani abu, sauran 'yan wasa kuma su zama 'yan kallo. Ƙwayar nan mai fuska 4 ma'aunin adalci ce tsakanin waɗanda ke zaune a teburinka.

Abin da nake yi shi ne, ina barin lambobin faɗa yadda suke, in shigo da zahiri ta bakin jagora. Nauyin nan da ya ninka takwas littafin da kansa ya ba ka shi, ka yi aiki da shi. Gadar katako ta yi ƙara a ƙarƙashinsa, kwalekwale ya fara nitsewa, ƙofar da abokan gaba ke turowa ta ƙi motsi saboda ya jingina da ita. Wannan ba ya buƙatar jadawali, kuma shi ne abin da 'yan wasa ke tunawa bayan an tashi.

Idan lallai kana son gyara ɗaya a rubuce, ka taɓa dokar faɗowa, domin ita ce ta fi nisa da gaskiya. Littafin ya sa ƙwaya ɗaya mai fuska 6 a kan kowace ƙafa 10, iyaka ƙwaya 20, ba ruwansa da ko ɓera ne ya faɗo ko giwa. Ka raba ɓarnar biyu ga mafi ƙanƙanta, ka ninka ta ga giwa da abin da ya fi ta. Ka sanar da su kafin a fara zama, ku gwada sau uku ko huɗu. In ka ga ana tsayawa duba takarda duk lokacin da wani ya faɗo, ka cire ta ku koma ta littafi.