Tambayoyin Masu Karatu: Wane ne Bill Dellinger?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare, kuma ina horar da ɗalibai masu gudun dogon zango. Duk inda na karanta tarihin Steve Prefontaine, shahararren ɗan tseren dogon zango na Amurka, sai in ga sunan Bill Bowerman, amma wani abokin aikina ya ce Bill Dellinger ne ya fi ɗawainiya da shi. Wane ne wannan mutumin, kuma shi ma ya taɓa yin tsere? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka bai yi kuskure ba. Bowerman ne babban mai horarwa a Jami'ar Oregon ta Amurka lokacin da Prefontaine ya shiga a 1969, kuma sunansa ya fi tashe saboda yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike, amma Dellinger, wanda ya zama mataimakinsa a 1967, shi ne yake tsaye da agogo a bakin fili yana kula da atisayen yau da kullum. Da Bowerman ya ajiye aiki a 1973, Dellinger ne ya gaje shi, ya riƙe kujerar har 1998.

Batun tsere kuwa, ya yi shi sosai. An haife shi a 1934, ya yi karatu a wannan jami'ar a hannun Bowerman, ya kuma ci gasar jami'o'in Amurka a tseren mil ɗaya a 1954. Sau uku ya je gasar Olamfik a tseren mita 5,000. Daga Melbon a 1956 da Rum a 1960 hannu rabbana ya dawo. Sai a Tokiyo a 1964, yana da shekara 30 kuma yana koyarwa a makarantar sakandare kamar kai, ya ci tagulla a kan filin da ruwan sama ya jiƙa sharkaf. Bob Schul na Amurka ya zo na ɗaya, Harald Norpoth na Jamus na biyu, shi kuma ya kamo Michel Jazy na Faransa dab da layi, har aka rubuta musu lokaci ɗaya, minti 13 da daƙiƙa 49.8. A ganina wannan doguwar jira ce ta sa ya zama mai horarwar da ba ya gaggawa da ɗan tsere.

A hannunsa Oregon ta ci kofin gudun ƙetare daji na jami'o'i sau huɗu, a 1971 da 1973 da 1974 da 1977. Wannan kofi ba ya ciwuwa da gwani ɗaya, domin ana tara matsayin 'yan tsere biyar na farko na kowace jami'a ne, wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara. Ya ƙara da kofin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle a 1984. Alberto Salazar, wanda ya ci gudun famfalaƙi na birnin New York a 1980 yana ɗalibi, shi ma yaronsa ne.

Abin da zai fi yi maka amfani shi ne atisayensa da ake kira 30-40. Ɗan tsere zai yi rabin zagayen fili, kimanin mita 200, cikin daƙiƙa 30, sauran rabin cikin daƙiƙa 40, ya ci gaba da haka ba tare da tsayawa ba, har lokacin da ya kasa cika ƙa'idar, sai a dakatar da shi. Wahalar tana cikin rabin na biyu, domin abin da ake kira hutu shi ma gudu ne mai ƙarfi, kuma ta haka jiki yake sabawa da sauya gudu a tsakiyar tsere. Sai dai waɗannan daƙiƙoƙi na manyan gwanaye ne. Ga ɗalibanka, ka ƙara lokacin daidai ƙarfin kowane yaro, ka fara da zagaye kaɗan, kuma ka bar musu gudu mai sauƙi washegari.