Amsa: Lissafin ɗigon ƙarin ruwa

Ƙanwata, kin ce likita ya rubuta ruwa mililita (mil) 500 cikin awa 4, kina neman ɗigo nawa za ki saki a minti ɗaya. Amsar ita ce kusan 42. Ki ninka yawan ruwan da adadin ɗigon da robar ƙarin ruwan (siririn bututun da ruwan ke bi zuwa jijiya) ke bayarwa a mil ɗaya, sannan ki raba da mintunan. Robar manya galibi 20 ce: 500 sau 20 ya ba da 10,000, a raba da minti 240 (wato awa 4), ya ba da kusan 42. Ki riƙe agogo, ki ƙirga 10 ko 11 cikin daƙiƙa 15.

Amma don Allah ki karanta jikin ledar robar kafin ki yaga ta. Ta yara 60 take bayarwa, wasu kuma 15. Ina aikin dare a nan Kumasi, aka kawo wani dattijo daga Aboabo, na daidaita ruwansa lafiya lau. Da ya lanƙwasa hannu cikin barci sai ruwan ya tsaya cak, da ya miƙe kuma ya zubo da gudu. Tun ranar nake komawa in sake ƙirgawa, musamman ga mai ciwon zuciya ko ƙoda.