Amsar tambayarka kan bankunan da suka durƙushe

Jiya bayan mun tashi daga aiki ka ce min, "Maigida, ta yaya bankunan da ke shelar riba mai yawa a 2007 suka durƙushe a 2009?" Na ce ka bari in nutsu tukuna. To saurara, ɗana.

A 2004 Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya ce duk bankin da jarinsa bai kai naira biliyan 25 ba zuwa ƙarshen 2005, ya haɗe da wani ko ya rasa lasisi. Bankuna 89 suka koma 25. Kuɗi suka taru, kowa kuma yana son ya zarce maƙwabcinsa. A lokacin ina sashen ba da bashi, kuma abin da ake tambayarmu duk ƙarshen wata shi ne nawa muka fitar. Ba wanda ke tambayar nawa zai dawo.

Gasa ba laifi ba ce. Ita ta kawo rassa unguwanni, ta sa muka daina wulaƙanta mai ajiya. Amma tana rage ribar da ke kan kowace naira, kuma a nan ake gane gwani. Wani sai ya rage kashe kuɗi, ya tara ajiyar 'yan kasuwa da ma'aikata mai arha. Wani kuwa sai ya bi hanya mai sauƙi: ya ba mutane bashi su sayi hannun jari, jinginar kuma hannun jarin ne da kansa, ko ya zuba kuɗi a hannun masu shigo da man fetur. A takarda, na biyun ya fi riba.

Sai 2008 ta zo. Gangar ɗanyen mai ta faɗo daga kusan dala 147 a watan Yuli zuwa ƙasa da dala 40 a Disamba, kasuwar hannun jari ta Legas ta rushe. Bashi da jinginarsa suka nutse rana ɗaya. Bankunan da ba su da ajiya mai zama sai suka koma rance kullum daga Babban Banki don su biya masu cire kuɗi. Ranar 14 ga Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya cire shugabannin bankunan Intercontinental, Oceanic, Afribank, Finbank da Union, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420. Na san ma'aikata masu gaskiya da suka rasa aiki a wannan guguwar, har yau abin yana damuna.

Don haka fayil ɗin dillalin shinkafar nan da ke kan teburinka, kada takardar filin da ya kawo jingina ta ruɗe ka. Duba shigar kuɗinsa ta wata goma sha biyu, ka lissafa yadda zai biya in dala ta tashi ko farashin buhu ya faɗi, sannan ka kawo min gobe da safe mu duba tare.