Amsa: In ajiye aikin sashen gaggawa?

'Yar'uwa, kin ce aikin dare ya cinye ki har tausayin majinyata ya fara fita daga ranki, ko ki ajiye aikin? Kada ki ajiye tukuna. Ki karɓi hutunki na shekara, ki roƙi shugabar ma'aikatan jinya ta sauya miki sashe na ɗan lokaci.

Abin da kike ji ba mugun hali ba ne. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta irin wannan gajiya da matsin aiki. Ni ma na yi aiki a sashen gaggawa: a shigo da 'yan haɗarin mota, gado ya ƙare, muna ɗaura ruwa a kan benci har asuba. Amma in kin huta barci bai dawo ba, ki ga likita, kada ki jira.