Kwamfuta da Matsalolinta: Tambayoyinku Kan Imel da Kalanda

Assalamu alaikum. Sakatariya ce ni a wata makaranta a Tudun Wada. Ina cikin aiki da Outlook, shirin imel na Microsoft, aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu. Da wuta ta dawo sai shirin ya ƙi buɗewa, yana cewa fayil ya sami matsala. Wasiƙun shekara huɗu ne a ciki. Sun tafi ke nan?

Wa'alaikumus salam, Malama. Galibi ba su tafi ba, amma kada ki bari kowa ya goge shirin ya sake sawa kafin a yi abin da za mu faɗa. Wannan amsar ta Outlook na asali ce, wanda ke zuwa cikin Office.

Outlook yana tara wasiƙu, kalanda da sunayen mutane a cikin fayil guda ɗaya tak. Idan wuta ta yanke a daidai lokacin da yake rubutu a cikinsa, sai jerin da ke nuna inda kowace wasiƙa take ya rikice. Wasiƙun suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta toshe.

Da farko ki gano irin fayil ɗinki. Ki shiga Control Panel, ki danna Mail, sannan Data Files. Idan sunan ya ƙare da .pst, to mai yiwuwa wasiƙun a kwamfutarki kaɗai suke, musamman idan da tsarin karɓar wasiƙa mai suna POP aka haɗa akwatin imel ɗin, domin shi yakan kwaso wasiƙa daga sabar, wato kwamfutar kamfanin imel da ke ajiye wasiƙu, bayan kwana 14 kuma ya share ta a can in ba a canja masa umarni ba. Ki rufe Outlook, ki kwafi fayil ɗin zuwa filash tukuna. Daga nan ki nemi wani ɗan shiri mai suna SCANPST.EXE. A Office 2016 zuwa sama yawanci yana cikin Program Files, Microsoft Office, root, Office16. Ki buɗe shi, ki danna Browse ki nuna masa fayil ɗin, ki danna Start. Idan ya gama bincike, ki bar alamar da ke cewa ya ajiye kwafi, ki danna Repair. Babban fayil yakan ɗauki lokaci, har tagar ta yi kamar ta sandare. Ki ƙyale ta. Sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ya ce babu sauran kuskure. Abin da ya tsinto bai san mazauninsa ba zai zuba shi a wata folda mai suna Lost and Found.

Idan kuma .ost ne, aikin ya fi sauƙi, domin kwafi ne kawai na abin da ke sabar. Ki canja masa suna, ki buɗe Outlook, zai gina sabo. Sai dai ki yi hattara: a tsarin IMAP, wanda ke barin wasiƙu a sabar, kalanda da sunayen da aka rubuta wa This computer only ba sa zuwa sabar. Shi ya sa muka ce a canja suna, ba mu ce a goge ba.

Muna roƙon hukumar makarantar ta saya miki UPS, na'urar batiri da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ko da ƙarami ne mai riƙe wuta minti 10. Ke kuma duk Juma'a kafin a tashi, ki rufe Outlook ki kwafi fayil ɗin. Kwafin da aka yi shirin yana buɗe ba abin dogaro ba ne.

Malam, na sayi kwamfuta ta hannu a Sabon Gari. Abokan aikina na Ingila suna turo min gayyatar taro, amma kalandar tana nuna wani lokaci daban. Agogon kwamfutar kuwa daidai yake.

Ɗan'uwa, agogon da hannu aka daidaita shi, amma kwamfutar tana zaton har yanzu tana ƙasar da ta fito. Kalanda ba ta duba agogo kawai, tana lissafi ne da yankin lokaci. Ka shiga Settings, Time & Language, ka zaɓi West Central Africa, wato UTC+01:00, sannan ka kunna daidaita lokaci da kansa. Ka duba cikin Outlook ma: File, Options, Calendar. A nan za ka iya ƙara yanki na biyu, ka sa Landan, ka riƙa ganin lokutan biyu gefe da gefe.

Ka riƙe wannan kuma: Najeriya ba ta canja agogo, Ingila tana canjawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya da su. Sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Tarukan da ka shigar da kanka kafin gyaran za su gusa, sai ka bi su ka gyara.

Idan kuma kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka kashe kwamfutar, ƙaramin batirin da ke cikinta ne ya mutu. A kwamfutar tebur CR2032 ne, mai kama da kwabo. Kwanan wata mara daidai yakan sa shirin imel ya ƙi amincewa da sabar gaba ɗaya.

Ɗalibi ne ni a Samaru. Na tura wa malamina aikina mai nauyin megabait 22, ya maƙale a Outbox na Outlook, inda wasiƙa ke jiran fita, kuma duk wasiƙun da ke bayansa sun tsaya.

Sabar imel tana da iyakar nauyin wasiƙar da take bari ta wuce, kuma fayil yakan ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya bisa uku idan aka shirya shi don tafiya ta imel. Naka 22 ya kai wajen 29. Ka danna Send/Receive, sannan Work Offline. Ka rufe Outlook ka sake buɗewa, ka ja wasiƙar zuwa Drafts, ka cire fayil ɗin, ka sake danna Work Offline don komawa kan layi. Mai yiwuwa hotuna ne suka kumbura aikin. Ka rage girmansu a Word da Compress Pictures, ko ka ɗora shi a Google Drive ka tura mahaɗin. Barin shi a Outbox cin data ne kawai, domin shirin zai yi ta gwadawa daga farko.

Shirin imel na Thunderbird nake amfani da shi a shagona a Kongo. Yana ta neman kalmar sirrin Gmail, ina sa ta daidai yana ƙi.

Alhaji, laifin ba na kalmar ba ne. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin shirye-shirye su shiga akwatin mutum da kalmar sirri kaɗai. Ka sabunta Thunderbird, ka shiga Account Settings, Server Settings, ka mai da Authentication method zuwa OAuth2, wato hanyar shiga ta shafin Google kansa. Ka yi haka a Outgoing Server ma, nan ne mutane suka fi mantawa, sai su ga wasiƙa tana shigowa amma ba ta fita. Ka tabbata mai shigowa imap.gmail.com ne a lamba 993, mai fita kuma smtp.gmail.com a 465 ko 587. Shafin Google zai buɗe, ka shiga sau ɗaya, ka ba da izini.

Mai tsohon Outlook irin na 2010 ko 2013 ba shi da wannan zaɓin. Sai ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunsa na Google, ya ƙirƙiri App password mai haruffa 16, ya sa ta a madadin kalmarsa ta kullum.