Kada ki yi gaggawar ambaton khul'i a gaban alƙali

'Yar'uwa, da na karanta cewa mijinki ya bar ki a gidan iyayenki babu ci babu sha, ya ƙi saki, kuma ya ce sai kin biya shi duk abin da ya kashe kafin ya rubuta takarda, hawaye ne suka zubo mini, domin irin wannan hali na taɓa shiga. Kina tambayar yadda ake neman khul'i a kotu, wato mace ta biya miji wani abu domin a raba auren, amma ni shawarata ita ce kada ki fara da wannan kalma.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi, macen da ba a ciyar da ita, ko ake dukanta, ko aka ƙaurace mata, tana da damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ba tare da ta mayar da ko sisi ba. Khul'i na wadda ba a cuce ta ba ne, zaman ne kawai ya fita ranta, kamar matar sahabi Sabit ɗan Ƙais da ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Saboda haka idan kin je wurin rijistara shigar da ƙara, ki faɗi cutarwar dalla-dalla, domin a kan abin da aka rubuta ranar farko za a aika masa sammaci.

Nawa mijin, sai da aka yi ta ɗage zama saboda ba ya zuwa. Ranar da ya zo kuwa, ya zo da takarda doguwa, ya rubuta lefe da kuɗin gaisuwa da kuɗin ɗinki, har da maganin da ya saya mini lokacin da na yi ɓari. Ya miƙe a gaban mahaifina, dattijon da ya ba shi ni ba tare da ya tsawwala masa sadaki ba, ya ce bai taɓa ɗaga mini hannu ba, wai ni ce mai yaji ba dalili. Yayarsa da ta taɓa gasa mini fuska da hannunta tana zaune a baya, ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Har yau idan na tuna kuɗin maganin nan da ya lissafa, zuciyata tafasa take yi, kuma ban yafe ba.

Maƙwabta biyu ne suka cece ni, suka zo suka ba da shaida, tare da katin asibiti da na ajiye. Ki nemi shaidunki tun yanzu, tun kafin a rarrashe su su janye, domin mutane suna tsoron kotu. Kada ki goge saƙonnin wayarsa. Alƙali zai nemi sulhu tukuna, yana iya sa mutum ɗaya daga danginki da ɗaya daga nasa su zauna, kada wannan ya karya miki zuciya, ƙa'ida ce. Idan kuma rashin ciyarwa ne, akan ba shi wa'adi kafin a yanke hukunci.

Kina da yara kuwa? Kada ki yarda a tsorata ki da cewa za a ƙwace su. Renonsu haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, matuƙar ba ki auri wani bare ba, ciyar da su kuma yana wuyan ubansu. Ki nemi alƙali ya yanka adadin a rubuce, domin alƙawarin baki ba ya ciyar da yaro, ni shaida ce.

Idan babu kuɗin lauya, ki nemi ofishin Legal Aid Council ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimakawa kyauta. Hisba tana sasantawa, amma raba aure aikin alƙali ne. Ranar hukunci kada ki tafi sai kin nemi takardar shaidar mutuwar aure da kwafin hukuncin, saboda lissafin iddarki, kuma da shi ake ɗaukaka ƙara idan an danne ki, shi ma yana da wa'adi. Ki tafi da mahaifinki ko yayanki kowane zama, kada ki je ke kaɗai. Allah Ya kawo miki mafita.